Simson S51: Yadda ake farfaɗo da ƙaramin baburin Jamus ta Gabas, da irin gyaran da ke kai mai shi kotu

A Jamus, doka ta ƙayyade wa kowane sabon ƙaramin babur mai injin 50cc gudun da bai wuce kilomita 45 a sa'a ba. Sai dai akwai wani tsohon babur da aka daina ƙerawa tun 1991, wanda doka ta bar shi yana yin kilomita 60, kuma matashi ɗan shekara 15 na iya hawansa da ƙaramin lasisin tuƙi. Sunansa Simson S51. Wannan rarar kilomita 15 ita ce babban dalilin da ya sa matasa ke bin rumbuna da garejin kakanninsu suna zaƙulo shi, su kwance shi ƙusa-ƙusa, su sake ɗaure shi.

Farfaɗo da irin wannan babur aiki ne da mutum ɗaya zai iya yi a ɗan ƙaramin gareji da kayan aiki kaɗan. Amma aikin yana da tsari, kuma wanda ya fara da fenti da neman ƙarin gudu yakan ƙare da injin da ya kame, ko kuma babur mai kyau da ba shi da izinin hawa titi.

Daga ina baburin ya fito?

Kamfanin Simson ya samo asali ne a garin Suhl da ke jihar Thuringia, inda wasu 'yan'uwa biyu Yahudawa, Löb da Moses Simson, suka kafa shi a 1856. Ya yi suna wajen ƙera bindigogi, daga baya ya shiga ƙera kekuna da motoci. A tsakiyar shekarun 1930 gwamnatin Nazi ta ƙwace masana'antar, iyalan Simson suka tsere zuwa Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu garin Suhl ya faɗa ɓangaren da ya zama Jamus ta Gabas, masana'antar ta zama mallakar gwamnati, aka ɗora mata aikin samar wa jama'a ƙananan babura.

A ƙasar da mutum kan yi shekara goma ko fiye yana jiran layin sayen mota, ƙaramin babur shi ne ƙafar ma'aikaci da manomi da ɗalibi. An fito da Schwalbe a 1964, sai S50 a 1975, sannan S51 a 1980. Kafin a daina ƙera S51 an fitar da sama da guda miliyan ɗaya. Yawan nan ne ya sa har yau ake samunsa, ake kuma samun kayansa.

Masu zanen fasalinsa, Karl Clauss Dietel da Lutz Rudolph, sun bi wata hanya da suka kira buɗaɗɗen tsari. Ma'anarta ita ce kowane sashe ya tsaya da kansa: tanki daban, sirdi daban, akwatin batir daban, inji a fili ba a lulluɓe shi da roba ba. Idan abu ɗaya ya lalace sai a cire shi a sa wani, ba tare da an taɓa sauran ba. Kamfanin ya durƙushe a 2002, amma wani kamfanin Jamus mai suna MZA ya karɓi lasisin amfani da sunan, kuma yana ci gaba da samar da kayan gyara. Kusan babu wani ƙarfe ko roba a jikin S51 da ba za a samu sabonsa ba a yau.

Yadda inji mai bugu biyu ke aiki

Duk wanda ya taɓa haɗa fetur da baƙin mai ya zuba wa ƙaramin janareto Tiger, ko ya hau Jincheng AX100 a zamanin acaɓa, ya san inji mai bugu biyu da ƙararsa da shuɗin hayaƙinsa. Injin S51 ɗan gidansu ne.

A injin mota mai bugu huɗu, fistan yana hawa da sauka sau biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya, kuma akwai bawul masu buɗewa da rufewa. A mai bugu biyu kuwa wuta na tashi a kowane zagaye ɗaya na kiranshaf, kuma babu bawul. Ramuka ne aka huda a jikin silinda, fistan da kansa yake buɗe su yana rufe su. Idan fistan ya yi sama, sai ya zuƙo haɗin iska da fetur daga kabureta zuwa ɗakin da ke ƙarƙashinsa, inda kiranshaf ke juyawa. Idan ya sauko, sai ya matse wannan haɗin ya tura shi ta wasu hanyoyi zuwa saman silinda, sabon haɗin ya kori hayaƙi ya fita ta salansa.

Abubuwa biyu ne suka biyo bayan wannan tsari, kuma su ne ginshiƙin duk aikin gyaran. Na farko, tunda fetur ke ratsa ɗakin kiranshaf, ba a iya tara baƙin mai a wurin, don haka dole man da zai tsare ƙarafa daga gogayya ya shigo tare da fetur. Na biyu, ɗakin kiranshaf famfo ne, kuma famfon da ke yoyon iska ba ya aiki. Ƙaramar kafa a jikin roba ɗaya ta isa ta rikita injin gaba ɗaya.

Injin S51 yana da silinda mai faɗin milimita 38, fistan kuma yana tafiyar milimita 44, abin da ya ba shi girman da ya gaza 50cc da ɗan kaɗan. Yana ba da ƙarfin doki 3.7 a lokacin da yake zagaye 5,500 a minti, wato wuta na tashi kusan sau 92 a cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai mai giya uku, akwai mai giya huɗu. Tankinsa na cin lita 8.7, baburin kuma nauyinsa wajen kilo 80 ne, yana shan kusan lita 2.5 a tafiyar kilomita 100.

Takarda kafin sufana

Matakin farko ba a gareji yake ba. Izinin gudun kilomita 60 ya fito ne daga yarjejeniyar haɗe Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990. An amince cewa ƙananan baburan Gabas da ba su wuce 50cc ba, waɗanda aka fara hawa kafin 28 ga Fabrairun 1992, za su ci gaba da zama a rukunin ƙananan babura duk da gudunsu ya fi na sauran. Mai irin wannan babur ba ya biyan harajin abin hawa, ba a kuma tilasta masa kai shi binciken lafiya na lokaci-lokaci kamar mota. Abin da yake buƙata shi ne lasisin tuƙi na rukunin AM, da takardar izinin baburin, da ƙaramar lambar inshora da ake sabuntawa a ranar 1 ga Maris na kowace shekara. Launin lambar yana juyawa tsakanin baƙi, shuɗi da kore, don ɗan sanda ya gane wadda ta ƙare tun daga nesa.

Saboda haka mai saye yakan fara da duba lambar firem da aka buga a wuyan baburin, ya gwada ta da ɗan farantin bayanai da ke jikin firem, sannan ya gwada su da takarda. Idan takardar ta ɓata, hukumar kula da ababen hawa ta tarayya, KBA, da ke garin Flensburg, tana bayar da madadinta bayan ta duba lambar. Tarkon da ya fi kama sababbin shiga shi ne baburan da aka sayar wa ƙasashen waje irin su Hangari a wancan zamani, aka kuma dawo da su Jamus daga baya. Sun fi araha, kamanninsu ɗaya ne da na gida, amma galibinsu ba sa samun izinin kilomita 60. Mutum na iya kashe kuɗi da watanni a kan irin wannan babur, daga ƙarshe ya tarar da abin da ya saye shi dominsa babu shi.

Firem, birki da tayoyi

Da zarar takarda ta tabbata, sai a kwance baburin. Masu ƙwarewa kan ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin su cire shi, musamman wayoyin lantarki, su kuma zuba notina da ƙusoshin kowane ɓangare a leda daban da rubutu a jiki. Aikin da zai ɗauki watanni ba a dogara da ƙwaƙwalwa a kansa.

Firem ɗin S51 bututu ɗaya ne da ya taso daga wuya ya gangara zuwa bayan inji. Wurin da ya fi rauni shi ne kusa da wuyan, inda aka yi waldar ƙarfen ƙarfafawa. Baburin da ya taɓa yin karo ko ya sha tsalle a gona yakan tsage ko ya lanƙwashe a nan. Ana kankare fenti a duba wurin da kyau, domin sabon fenti yana ɓoye tsaga. Kamfanin da kansa ya san da wannan rauni, shi ya sa samfurin Enduro da aka yi wa hanyoyin daji ya zo da ƙarin sanduna biyu da ke tallafe firem ɗin. Firem da ya tsage a wuya ba abin wasa ba ne, domin idan ya karye a kan gudu tayar gaba ce ke rabuwa da baburin.

Tayoyin inci 16 ne, birkin gaba da na baya duk irin na ganga ne mai faɗin milimita 125. Tayar da ta shekara ashirin a ajiye tana iya nuna zane mai kauri, amma robar ta bushe ta daina kama titi, don haka canza ta ake yi. Haka takalman birki, da wayoyin birki da na kuloci, da boris ɗin ƙafafu da na wuya, da robobin da ke riƙe hannun tayar baya. Sarƙar S51 tana tafiya ne a cikin wasu bututun roba biyu da ke kare ta daga ƙura da ruwa. Wasu kan cire su don ado, sai sarƙar da sufoket su riƙa cinyewa da wuri.

Cikin inji

A nan ne ake gane aikin gaske da na ganin ido. Injin da ya daɗe a ajiye yana iya tashi da kik biyu ko uku, mai shi ya ɗauka lafiya lau yake. Amma robobin da ke toshe gefe biyu na kiranshaf, waɗanda bakanike ke kira oyilsil, sun riga sun taurare.

Kowanne yana da alamarsa. Idan na ɓangaren kuloci ya lalace, injin zai riƙa zuƙo man giya yana ƙonawa, sai a ga farin hayaƙi mai kauri, fulogi ya jiƙe da mai, man giyan kuma ya riƙa raguwa ba tare da an ga yoyo a ƙasa ba. Idan na ɓangaren wuta ne ya lalace, injin zai riƙa shan iskar da ba ta bi ta kabureta ba. Alamarsa ita ce a saki totur amma injin ya ƙi sauka da wuri. Wannan ya fi haɗari, domin iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, kuma tunda a cikin fetur baƙin mai yake, shi ma ya yi kaɗan. Zafi sai ya ƙaru, fistan ya kumbura ya kame a jikin silinda, tayar baya ta tsaya cak a tsakiyar titi. Abin da ke ceton mahayi a lokacin shi ne saurin damƙe kuloci.

A injin S51 ana iya canza waɗannan robobi daga waje ba tare da an raba injin biyu ba, kuma yawancin masu gyara suna zaɓar masu launin ruwan ƙasa da aka yi da roba mai jure zafi da sinadarin itanol da ke cikin fetur na zamani. Sai dai idan kiranshaf yana girgiɗi, ko ana jin gurnani daga ƙasan injin, sabuwar roba ba za ta daɗe ba. Dole a raba injin a canza boris. Dabarar da ake bi ita ce a ɗumama murfin injin, wanda na alminiyom ne, zuwa kusan digiri 100, a kuma sa sababbin boris a firiza. Zafi yana buɗa ramin, sanyi yana tsuke boris ɗin, sai ya shige da kansa. Wanda ya ɗauki guduma ya buga shi a sanyi yakan lalata mazauninsa, kuma wannan ɓarna ba ta da gyara mai sauƙi.

Tsakanin fistan da silinda akwai tazarar da ta kai milimita 0.03, wato ƙasa da kaurin gashin kai. Silinda mai faɗin 38.00 yana tafiya da fistan mai 37.97. Idan silinda ya cinye ko ya sami zane, ana kai shi a rarake shi zuwa girma na gaba a sa fistan da ya dace da shi. Akwai kibiya a saman fistan, kuma dole ta kalli ɓangaren salansa. Idan aka juya shi, bakin ring zai iya faɗawa ramin silinda ya karye. Akwatin giya kuma yana cin mililita 400 na man giya, ba ƙari ba ragi.

Kabureta da haɗin mai

Kaburetan S51 ƙirar kamfanin BVF ne na Berlin, mai maƙogwaro milimita 16. Tsohon fetur idan ya bushe a ciki yakan bar wani ƙullu kamar ƙaro da ke toshe ƙananan ramukan jet. Ana wanke shi da sinadari a busa da iska. Ba a zura masa waya ko allura, domin ramin jet ma'auni ne, kuma da zarar an faɗaɗa shi lissafin ya ɓaci. Haka ma akwatin tace iska: an auna kaburetan ne tare da shi, wanda ya cire shi don injin ya riƙa ƙara ya ƙara masa iska ba tare da ƙarin fetur ba.

Ma'aunin mai na S51 shi ne kashi ɗaya na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur. A aikace, mililita 20 ga kowace lita, ko mililita 100 ga lita biyar. Man da ake nufi shi ne na inji mai bugu biyu, wanda aka yi shi don ya ƙone tare da fetur ba tare da barin toka mai yawa ba. Man injin mota yana tara baƙin gawayi a kan fistan da ramin salansa. Tsofaffin injunan Simson da suka riga shi suna amfani da kashi ɗaya cikin 33, kuma wasu kan bi wannan ma'auni a farkon amfani da sabon silinda. Zuba mai fiye da kima ba ƙarin kariya ba ne, fulogi kawai yake kashewa ya toshe salansa.

Fulogi shi ne madubin injin. Bayan tafiya mai ɗan tsawo, idan bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara, haɗin ya yi daidai. Baƙi mai gawayi na nufin fetur ya yi yawa. Fari fat kuwa gargaɗi ne cewa injin na gab da kamewa.

Ɓangaren wuta

Yawancin S51 sun fito da lantarki mai ƙarfin bolt 6. Wasu suna da tsohon tsarin kontak mai buɗewa da rufewa, wasu kuma na'urar lantarki ce ke sakin wutar. A mai kontak, tazarar bakinsa milimita 0.4 ce, haka ma ta fulogi, kuma ana so wutar ta tashi lokacin da ya rage wa fistan milimita 1.8 ya kai ƙololuwa. Ana auna wannan da ɗan agogon awo da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Idan wutar ta yi gaggawa injin yana zafi, idan ta makara ba shi da ƙarfi.

Canjin da ya fi shahara a tsakanin masu S51 shi ne cire wannan tsohon tsari a sa na kamfanin VAPE na Jamhuriyar Cek, mai bolt 12. Babu kontak da zai cinye, wutar tana da ƙarfi tun daga bugun kik, fitilar gaba kuma tana samun hasken da za a iya tafiyar dare da shi. Wannan canji ba ya ƙara girman inji, kuma akwai samfurinsa da ke zuwa da takardar amincewar hukuma. Wanda zai yi shi yakan haɗa da sabunta wayoyin baburin baki ɗaya, domin wayar da ta shekara arba'in robarta ta farfashe, kuma yawancin matsalolin da ake ɗora wa kabureta daga wayar da ta saki suke.

Salansa da neman ƙarin ƙarfi

A inji mai bugu biyu salansa ba bututun fitar da hayaƙi ba ne kawai, yana cikin abin da ke samar da ƙarfi. Lokacin da ramin hayaƙi ya buɗe, wani bugun iska yana fita da gudun sauti. Inda bututun ya buɗe yana zuƙo hayaƙin da ya rage a silinda, inda ya tsuke kuma yana mayar da bugun baya, ya tura sabon fetur ɗin da ya fara tserewa ya koma ciki kafin fistan ya rufe ramin. Tsawon bututun da siffarsa su ke yanke a wane zagaye wannan zai faru.

Wanda ya kai wannan ilimi matuƙa shi ma ɗan Jamus ta Gabas ne, injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ da ke garin Zschopau. A 1961 baburinsa na tsere mai 125cc ya ba da ƙarfin doki kusan 25, wato 200 ga kowace lita, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. A wannan shekarar ce mahayin MZ, Ernst Degner, ya tsere zuwa Yamma bayan gasar Suwidin, ya koma kamfanin Suzuki na Japan da abin da ya koya. A 1962 ya lashe wa Suzuki gasar duniya ta farko a rukunin 50cc.

Wannan tarihi ne ya sa kasuwar kayan ƙara wa Simson gudu take da girma. Akwai silinda mai faɗin milimita 41 da ake kira na 60cc, akwai mai 45 da ke ba da 70cc, akwai waɗanda suka fi haka. Akwai manyan kabureta, da salansar tsere, da giya biyar. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen abu ɗaya kawai. Salansar tsere a kan silindan asali takan kwashe ƙarfin ƙasa, baburin ya kasa hawa tudu, ba tare da ya ƙara wani gudun kirki ba. Babban silinda a kan tsohon jet kuma hanyar kamewa ce. Silinda, kabureta, jet, salansa da lokacin wuta abu ɗaya ne, in an taɓa ɗaya sai an sake auna sauran.

Sannan akwai abin da ba a cika lissafawa ba. Daga gudun 60 zuwa 80, ƙarfin da birki zai kashe kafin babur ya tsaya yana ƙaruwa da kusan kashi 78 cikin ɗari, alhali gangar birkin tana nan a milimita 125 ɗinta, firem ɗin kuma shi ne mai rauni a wuya.

Inda doka ta ja layi

Izinin kilomita 60 na baburin da yake yadda aka ƙera shi ne. Da zarar an sa silindan da ya wuce 50cc, ko an yi canjin da ya ɗaga gudunsa, takardar izininsa ta mutu, kuma ya fita daga rukunin ƙananan babura. Mai lasisin AM da ya hau shi ya zama mai tuƙi ba lasisi, laifin da sashe na 21 na dokar zirga-zirgar titi ta Jamus ya tanadar wa tara ko ɗaurin da ya kai shekara ɗaya. Ƙaramar lambar inshorar ma ba ta dace da shi ba, kuma idan aka yi haɗari kamfanin inshora na iya komawa kan mai baburin ya nemi kuɗinsa. Ga matashin da ke shirin neman lasisin mota, irin wannan shari'a na iya ja masa jinkiri. 'Yan sanda a jihohin gabas sun san Simson sarai, domin da yawansu da shi suka tashi, kuma sukan gane silindan da aka canza ta ƙara da kuma gwaji a kan na'urar auna gudu.

Akwai halastacciyar hanya ga mai son 70cc. Zai kai baburin wurin masu bincike irin su TÜV ko DEKRA su duba canje-canjen su amince, a yi masa rajista a rukunin da ke sama, a ba shi babbar lamba, shi kuma ya mallaki lasisin A1. Kamfanin Simson da kansa ya ƙera irin wannan, wato S70, mai gudun kilomita 75. Amma wanda ya bi wannan hanya ya bar gatan da ya sa S51 ya yi daraja, ya shiga layin sauran babura masu 125cc da suka fi shi gudu.

Ado da ƙawa

Fagen da mai babur ke da 'yanci sosai shi ne kamanni. Masu sha'awar asali suna neman launukan masana'anta, musamman koren nan da ake kira billardgrün, kuma a wurinsu tsohon fenti mai ɗan ƙwarzane ya fi sabo daraja. Wasu kuma suna sauya launin tanki da murfin gefe, su goge murfin inji har ya yi ƙyalli, su sa sifok marasa tsatsa, su sauya rigar sirdi. Ko a nan akwai iyaka: kan babur, fitilu, birkin faranti da shoka duk sun shafi tsaro, don haka ana neman masu takardar amincewa ko a kai a duba. Wani kamfani a Berlin mai suna Second Ride ya ma fito da kayan da ake cire injin fetur a ɗaura na lantarki a mazauninsa, abin da buɗaɗɗen tsarin baburin ya sauƙaƙa. Duk waɗannan salo ana ganinsu a taron masu Simson da ake yi kowace shekara a garin Zwickau, inda dubban mutane ke haɗuwa.

Bayan an ɗaure komai, injin da aka sa wa sabon fistan yana buƙatar lallaɓawa a 'yan ɗaruruwan kilomitocin farko: ba a murɗa totur har ƙarshe na dogon lokaci, ba a kuma gangara tudu mai tsawo da totur a rufe alhali giya na ciki, domin a lokacin injin na juyawa da sauri amma mai ba ya shigar masa. Ana sake ɗaure notinan kan silinda bayan ya yi zafi ya huce, a duba fulogi, a duba man giya.

Dokar kilomita 60 ta Jamus ce kaɗai, amma tsarin aikin ya shafi duk wani tsohon babur mai bugu biyu, har da Jincheng ko Yamaha da ke jingine a bayan gida tun lokacin da aka hana acaɓa a Kano a 2013. A fara da takarda da firem, a bi da birki da taya, a toshe duk wata kafar iska a inji, a gyara wuta, sannan a zo kan fenti. Kuɗin oyilsil biyu bai kai na gwangwanin fenti ba, amma su ne ke yanke ko baburin zai kai mai shi gida.